Twin Famicom ta Sharp: tarihinta, kayan cikinta, da yadda za ka tashe ta ta yi aiki

Wanda ya taso a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya san gem ɗin nan mai kaset rawaya, mai hannu biyu da bindigar harbin agwagwa, wanda ake rubuta wa kaset ɗinsa cewa wasa dubu kaza ne a ciki, alhali idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya wasa goma ne ake ta maimaitawa. Duk waɗannan kwaikwayon na'ura ɗaya ce, Famicom ta kamfanin Nintendo na Japan, kuma babu izinin mai ita aka ƙera su, akasari a Taiwan da Sin. A Rasha sunanta Dendy, a Poland Pegasus, a wasu kasuwannin Terminator ko PolyStation. Sai dai tun kafin waɗannan su cika duniya akwai wani kamfani da ya ƙera tasa Famicom ɗin da lasisi a hannu, Nintendo ta sani, ta yarda. Kamfanin shi ne Sharp, na'urar kuma Twin Famicom, mai cin kaset da faifai duka biyu, wadda ta fito ranar 1 ga Yuli, 1986.

A ganina, wanda yake son ya riƙe Famicom ta gaskiya a yau, Twin ita ce ta fi dacewa ya nema. Amma abubuwa biyu ne suke kashe ta a hannun sabon mai ita: wutar da ba tata ba, da wani siririn bel na roba da ke cikin injin faifanta. A kansu za mu fi daɗewa.

Yadda Sharp ta samu shiga

Nintendo ba kamfani ba ne mai sakin kayansa ga kowa, don haka dole a tambaya me ya sa Sharp ta samu wannan dama. Zumuncin ya girmi Famicom. Masayuki Uemura, injiniyan da ya jagoranci ƙera Famicom, ma'aikacin Sharp ne tun farko. Tallan ƙwayoyin da ke gane haske ya kai shi Nintendo, aka yi amfani da su a bindigogin wasa masu harbi da haske, daga nan ya koma Nintendo ɗungurungum a farkon shekarun 1970. Da aka zo yin Game & Watch, ƙaramin gem na hannu na Nintendo, a 1980, Sharp ce ta samar da gilashin nunin. Saboda haka lokacin da Famicom ta fito ranar 15 ga Yuli, 1983 a kan yen 14,800, a shekarar Sharp ta fitar da talabijin mai suna C1 wadda aka dasa Famicom a cikinta. Hotonta ya fi na Famicom ɗin kanta kyau, har mujallun wasanni na Japan suka riƙa ɗaukar hotunansu daga fuskarta.

A ranar 21 ga Fabrairu, 1986 Nintendo ta fito da Disk System a kan yen 15,000. Akwati ne daban da ake ɗora Famicom a kansa, yana karanta faifan maganaɗisu maimakon kaset. Faifan ya fi kaset na lokacin ɗaukar kaya, ya fi shi arha, ana iya ajiye inda aka tsaya a wasa, sannan akwai injuna a shaguna da ake kira Disk Writer, inda yaro zai kai tsohon faifansa a goge a zuba masa sabon wasa a kan yen 500. The Legend of Zelda a kan faifai ta fara fitowa, haka Metroid. Matsalar ita ce tarkace: akwati biyu, wani kaset na musamman mai waya da ke haɗa su, adafta biyu ko kuma manyan batura shida. Sharp ta tattara duka ta zuba a gida ɗaya, ta sa masa kuɗi yen 32,000. Idan ka haɗa kuɗin Famicom da na Disk System za ka samu yen 29,800, wato mai sayen Twin ya ƙara yen 2,200. Abin da ya saya da wannan ƙarin shi ne waya ɗaya ta wuta da kuma ramukan AV. Famicom ta asali ta ramin eriya kawai take fitar da hoto, kuma sai a Disamban 1993 Nintendo ta yi tata mai AV. Sharp ta riga ta da shekara 7.

Faifan bai yi tsawon rai ba. A 1986 ɗin kanta aka fara samun kaset da ya kamo shi a girma, shekara ta gaba aka fara sa wa kaset batirin ajiye wasa, masu kwafar faifai a ɓoye kuma suka yi yawa. Kafin 1990 manyan kamfanoni sun koma kaset. Duk da haka Nintendo ta ci gaba da zuba wa mutane wasa a faifai har 2003.

Mataki na 1: Ka san wacce ce a gabanka

Samfuri huɗu ne, a zubi biyu. Zubin 1986 shi ne AN-500R, ja mai ratsin baƙi, da AN-500B, baƙa mai ratsin ja. Zubin 1987 shi ne AN-505-BK, baƙa mai ratsin kore, da AN-505-RD, ja mai ratsi mai haske. Lambar tana kan takardar da aka manna a ƙasan na'urar. Na 1987 an ɗan sauya musu fasalin jiki, an tsawaita wayar hannu, an kuma sa wa hannayen makunnin turbo mai danna A ko B da sauri a madadinka. Saboda turbo ɗin sun fi tsada a kasuwar tsofaffin kaya. Wasa ɗaya suke ci, hoto ɗaya suke bayarwa, kada ka biya ninki saboda launi.

A saman na'urar akwai ramin kaset, madannin kunnawa, na sake farawa, da na tunkuɗo kaset. Ramin faifai yana gaba. Akwai kuma wani makunni da ake turawa gefe, an rubuta カセット a ɓangare ɗaya, wato kaset, da ディスク a ɗaya ɓangaren, wato faifai. An yi shi da sakata a ciki, ta yadda ba za a yi aiki da kaset da faifai lokaci guda ba. Idan ya ƙi motsi, duba ko akwai kaset a rami, kada ka sa ƙarfi. Hannayen biyu a ɗaure suke da na'urar, ba a cire su ta waje. Hannu na biyu ba shi da Start da Select, makirufo ne a wurinsu da ɗan abin ƙara sauti. A gefe akwai rami mai fil 15 da aka yi wa alamar A, nan ake sa bindiga, ko allon rubutu na Family BASIC, ko ƙarin hannu.

Mataki na 2: Ka fahimci kayan cikinta kafin ka kwance ko noti ɗaya

Nan ne lasisin yake da ma'ana. Masu kwaikwayo ba su da hanyar samun ayisin Nintendo, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki (IC) da ke tafiyar da na'urar, sai suka yi nasu: da farko na kamfanin UMC na Taiwan, irin su UA6527, daga baya kuma aka dunƙule komai a ƙarƙashin ɗigon baƙin gam guda ɗaya. Suna aiki, amma sau da yawa sautin yakan karkace, launi ya ɗan bambanta, wasu wasannin su ƙi tashi. A cikin Twin kuwa, ainihin ayisin Ricoh ne da ke cikin Famicom.

Ƙwaƙwalwarta ita ce 2A03, wadda aka gina a kan tsarin 6502, tana gudu a 1.79 MHz. A cikinta mai haɗa sauti yake, da muryoyi biyar: biyu masu kaifi da ke ɗaukar waƙa, ɗaya mai kauri, ɗaya ta hayaniya don ganga da fashewa, ɗaya kuma ta gutsuren sautin da aka naɗa. Mai zana hoto shi ne 2C02, yana fitar da ɗigo 256 a kwance, 240 a tsaye. Yana iya riƙe abubuwa masu motsi 64, amma 8 kaɗai a layi ɗaya, shi ya sa idan abokan gaba suka jeru za ka ga suna ƙiftawa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Ma'ajiyar aikinta KB 2 ce, ta hoto ma KB 2.

Ɓangaren faifai yana da nasa kayan. Tunda faifai ba kamar kaset ba ne da ƙwaƙwalwa ke karantawa kai tsaye, sai an kwashe wasan an zuba a ma'ajiya tukuna, don haka akwai KB 32 na shirin wasa da KB 8 na zane. Ayisi mai lamba 2C33 shi ke kula da injin faifan, kuma yana ƙara murya ta shida. Wannan ƙarin muryar ce ta sa waɗanda suka san Zelda ta kaset ɗin Amurka suke mamaki in suka ji ta faifai.

Injin faifan kansa na kamfanin Mitsumi ne, daga tsarinsu na Quick Disk. Ka riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin gyara: faifan ba shi da zagaye-zagaye daban-daban kamar na kwamfuta. Layi ɗaya ne da ya naɗe daga farko har ƙarshe, kamar faifan garmaho. Moto ɗaya ne yake juya faifan ta hanyar bel, kuma juyin nan ne, ta cikin giyoyi, yake tura kan karatu. Wato juyawar faifai da tafiyar kan karatu a ɗaure suke da juna. Idan ɗaya ya goce daga ɗaya, kan karatun zai bi tsakanin layi, ba zai ga komai ba. Kowace fuska ana karanta ta ne daga farko zuwa ƙarshe cikin 'yan daƙiƙu, fuskokin biyu kuma suna ɗaukar kimanin KB 112.

Mataki na 3: Saye

A Japan kaɗai aka sayar da ita, kuma har yanzu can ne kasuwarta: Yahoo Auctions, Mercari, da shagunan Hard Off. Daga waje ana bi ta dillalan intanet irin su Buyee da ZenMarket, ko a samu a eBay da ƙarin kuɗi. Ka nema da ツインファミコン. Idan ka ga ジャンク a talla, mai kayan yana cewa bai ɗauki alhakin komai ba. Idan ka ga ベルト交換済み, an riga an canza bel, kuma wannan ya cancanci ƙarin kuɗi ga wanda ba ya son buɗe inji. Ka nemi hoton talabijin da wasan faifai yana tafiya a kai. Hoton kaset yana aiki bai gaya maka komai ba game da injin faifai. Na'urar tana da girma da nauyi, ka lissafa kuɗin jirgi tun kafin ka taya. Adaftar asali kuwa, kada ka damu idan babu ita, dalili yana tafe.

Mataki na 4: Wuta

Kada ka jona komai sai ka gama karanta wannan sashe.

Wutar gida a Japan 100V ce. Tamu a Najeriya, Nijar, Ghana da maƙwabta tana tsakanin 220V da 240V. Adaftar asali ta Sharp taransifoma ce da aka naɗa don 100V, idan ka soka ta a bangonmu za ta ƙone, wataƙila ta tafi da na'urar. In dai ka nace sai ita, to sai da taransifoma mai sauke wuta zuwa 100V ko 110V a tsakani.

Hanya mafi sauƙi ita ce sabuwar adafta. Twin tana son 7.6V na DC, 1.25A, kuma tsakiyar fulogin shi ne mai alamar +. Ka nemi adafta mai karɓar 100V zuwa 240V, mai fitar da 7.5V daidaitacciya, mai ƙarfin 1.25A ko sama. Yawan amfiya ba ya cutarwa, na'urar abin da take buƙata kawai za ta ja. Ƙarancinsa ne matsala, domin kaset zai yi aiki lafiya, amma da zarar moton faifai ya tashi wuta ta faɗi. Yawan V kuwa zafi yake zama a cikin na'ura mai shekara kusan 40, don haka 12V ta dikoda ko ta rauta ba ta shigo lissafi ba.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne fuskar wutar. Adaftar Famicom ta asali, da ta Super Famicom, da ta Mega Drive ta farko, duk tsakiyarsu − ne, akasin Twin. Mutum zai ce ai duk gida ɗaya ne, ya ɗauko ya soka. Adaftar NES, wato Famicom ɗin da aka yi wa Amurka, ta fi su haɗari, domin AC take fitarwa. A jikin kowace adafta akwai ɗan zane na ɗigo a cikin rabin da'ira, alamar da layinta ya taɓa ɗigon ita ce ta tsakiya. Kada ka tsaya a zanen, musamman a adaftocin kasuwa masu makunnin sauya wuta. Ɗauko mita, ka sa ta a DC, jan tsinke a cikin ramin fulogi, baƙi a jikin ƙarfen waje. Idan lamba ta fito babu alamar ragi a gabanta, daidai ne. Idan ba ka da mita, kowane mai gyaran rediyo ko waya zai auna maka cikin minti ɗaya. Ka tabbata kuma bakin fulogin ya zauna daram a ramin, ba ya rawa.

Sai maganar wutarmu da ba ta da alƙawari. Ka bi ta sitabilaiza, ka zare adafta in an ɗauke wuta, kada dawowarta ta same ta a jone. Idan wuta ta yanke a daidai lokacin da na'urar ke rubuta ajiyar wasa a faifai, faifan na iya lalacewa. Wanda yake da inbata ko sola, a kanta ya fi dacewa ya yi wasan faifai, ba a kan ƙaramin janareto ba.

Mataki na 5: Talabijin

A baya akwai rami na hoto da rami ɗaya na sauti, wayar AV ta DVD za ta yi. Sautin hanya ɗaya ne, in kana son ya fito ta lasifika biyu sai ka sa 'yar waya mai raba ɗaya zuwa biyu. Ramin zagaye mai filoli da ke kusa da su na akwatin eriya ne, ba ka buƙatarsa.

Hoton NTSC ne, tsarin Japan da Amurka. Tsohuwar talabijin da PAL kaɗai ta sani za ta nuna shi fari da baƙi, ko ya riƙa birgima. Yawancin waɗanda aka sayar mana a shekarun bidiyo da sidi masu karɓar tsari da yawa ne, ka shiga saitin launi ka zaɓi NTSC 3.58 ko AUTO. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ita ce ta fi dacewa da ita, kuma a kanta kaɗai bindiga take aiki. Filasma za ta nuna, amma wasu suna jinkirta hoto, ka danna tsalle sai bayan ɗan lokaci Mario ya tashi. Idan taka tana da Game Mode, kunna shi. Ƙananan akwatunan mayar da AV zuwa HDMI masu arha sukan dusashe hoton, irin RetroTINK kuwa don wannan aikin aka yi su.

Mataki na 6: Fara da kaset

Tura makunni zuwa カセット, na'ura a kashe. Jiƙa audugar goge kunne da sifirit mai ƙarfi, irin isofurofil, ka goge haƙoran kaset har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe. Hura wa kaset iska da baki da muka saba yi tsatsa yake jawowa. Sa shi takardarsa na kallon gaba, ka kunna.

Ramin mai fil 60 ne, irin na gem ɗin da muka sani, kuma Famicom ba ta da ayisin tantance kaset irin wanda aka sa wa NES. Don haka tsofaffin kaset rawaya da suka rage a gida yawancinsu za su tashi. Wasu na baya-bayan nan da aka yi musamman don na'urorin kwaikwayo ba za su yi ba. Kaset ɗin NES mai fil 72 sai da mahaɗi.

Idan allo ya tsaya toka-toka ko hoto ya fito a wargaje, datti ne a mafi yawan lokuta: sake gogewa, ka goge ramin ma da siririn kati da aka naɗe da ƙyalle mai sifirit. Idan ka ji ƙugi ko ƙara mai kaifi a sauti, kafin ka zargi kafasito duba hannu na biyu. Makirufonsa yana zuba sauti kai tsaye cikin na talabijin, kuma ɗan abin ƙara sautin idan ya yi datti yakan yi ta ƙugi. Mayar da shi ƙasa gaba ɗaya. In bai daina ba, buɗe hannun ka goge wurin da yake gogawa. Makirufon nan ba ado ba ne, a Zelda ta Japan akwai dodo mai manyan kunnuwa da ake kashewa da ihu a cikinsa.

Mataki na 7: Gwada faifai, ka karanta abin da ta ce

Kashe, cire kaset, tura makunni zuwa ディスク, kunna. Za ka ga Mario da Luigi suna kai-komo a ƙarƙashin allon suna, da rubutu yana neman a sa faifai. Ganin wannan ya nuna ayisin ɓangaren faifai lafiya suke. Sa faifai fuskar A a sama, ka saurara. Idan ka ji moto yana kuka amma babu ƙarar giya da ɗan "ƙwas" na komawar kan karatu, bel ya tafi.

Lambobin kuskure suna taimakawa. ERR.01, faifai bai zauna ba. ERR.02, wuta ta yi ƙasa, koma kan adaftarka. ERR.03, an karya ɗan harshen da ke ba da damar rubutu. ERR.07, ka sa fuskar da ba ita ake nema ba, juya. ERR.21, 22 da 27 su ne na karatu: datti a kan karatu, faifai ya mutu, ko saiti ya goce. Shi ya sa yake da kyau ka mallaki faifai biyu ko uku, don kada ka wahalar da inji mai lafiya a kan mataccen faifai.

Mataki na 8: Canjin bel

Bel ɗin asali ba tsinkewa kawai yake yi ba, narkewa yake ya koma baƙin danƙo mai manne wa hannu. Ka sayi wanda aka yanka don Disk System, siriri ne mai faɗi, ana sayar da shi a intanet da arha. Robar ɗaure kuɗi ba za ta yi ba, tana miƙewa, gudun faifai ya riƙa hawa da sauka. Kayan aiki: sukurudireba mai kan kuros, alanki 1.5mm, hantsaki, sifirit, auduga, maka mai siririn baki, da wayarka don ɗaukar hoto a kowane mataki.

Zare wuta. Kifa na'urar, kwance notinan ƙasa, ɗaga murfin a hankali. Injin faifan akwatin ƙarfe ne da kansa, kwance shi, zare fulogin wayoyinsa ta hanyar riƙe robar, ba wayar ba. Juya shi ka cire farantin ƙasa. Za ka tarar da fanel mai siraran wayoyi, ka kwance shi ka kwantar gefe ba tare da ka ja su ba. A kansa akwai ayisi mai lamba FD7201 ko FD3206. Na biyun na baya ne, an sa masa kariyar hana kwafar faifai, amma wajen wasa babu bambanci.

A ƙarƙashi za ka ga ƙaramin fulin moto, babban fuli, da wani ƙarfe mai kusurwa uku da noti uku ke riƙe da shi, giyoyi suna bayansa. Kafin ka taɓa notin nan, ɗauki maka ka ja layi daga babban fuli zuwa giyar da ke kusa da shi zuwa jikin ƙarfe, ka ɗauki hoto. Wannan layin shi ne zai raba ka da wahalar yini guda.

Yanzu sai gogewa, kuma nan ne ake son haƙuri. Kankare danƙon tsohon bel daga fulin biyu da tsinken sakace, ka bi da sifirit har sai auduga ta fito fara. Ɗan guntun da ya rage a fulin moto ya isa ya ɓata gudu. Sassauta notin uku, ɗaga ƙarfen kaɗan gwargwadon yadda bel zai wuce, yatsanka yana danne giyoyin kada haƙoransu su rabu. Zura bel ya zagaye babban fuli, ka ja shi da hantsaki zuwa na moto, ka tabbata bai murɗe ba. Mayar da ƙarfen, duba layin makarka, ɗaure. Juya babban fuli da yatsa: kan karatu zai yi tafiya a hankali har ƙarshe, sannan sifirin ya dawo da shi da ƙara. Goge kan karatun da auduga mai sifirit. Ka duba ɗan ƙullin audugar da ke danna faifai a kan kan karatun daga sama, in ya faɗi babu abin da zai karantu.

Haɗa na wucin gadi ka gwada kafin ka rufe. Idan wasa ya tashi, gwada fuskar B da wani faifan. Idan 21, 22 ko 27 suka fito, to juyin faifai da tafiyar kan karatu sun saɓa. A saman injin akwai ɗan ƙarfen da ke kama tsakiyar faifai, ƙaramin noti na alanki ne ke riƙe da shi a jikin sandarsa. Yi wa inda yake alama, sassauta, juya shi kaɗan, ɗaure, gwada. Ka ci gaba ta fuska ɗaya, kaɗan-kaɗan, kana lura: idan lambar kuskure ta tashi daga 21 ko 22 ta koma 27, ko allo ya daɗe yana lodi kafin ya faɗi, ka kusa. Kada ka sauya tsayinsa a kan sandar.

Akwai wurare biyu da hannu ke ƙaiƙayin taɓawa: notin saitin kan karatu, wanda aka ɗiga wa fenti tun daga masana'anta, da ɗan ramin saita gudu a jikin moto. Ka bar su. An saita su da kayan awo, kuma bel ne ya lalace, ba su ba. Wanda ya murɗa uku a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Sai in komai ya ƙi, kuma da faifan da ka tabbatar yana aiki a wata na'urar, sannan a taɓa gudun moto, shi ma bayan an yi alama.

Mataki na 9: Adana faifai, ko ka huta da shi

Yawancin faifan, masu launin rawaya, ba su da marfin da ke rufe tagar karatu. Nintendo ta bar shi don rage kuɗi, sai 'yan shuɗaye ne suke da shi. A Japan ma yatsun yara sun kashe da yawa, balle ƙurar hunturu. Kowane faifai ya koma rigarsa ta takarda da kwalinsa da zarar an cire shi. A nisanta shi da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, da rana, da ɗaki mai kwano da ke ɗaukar zafi. A wurare masu laima, damina tana sa masa fumfuna, ƙullin hodar tsotse laima a cikin akwatin ajiya yana maganin wannan. Ita ma na'urar a rufe ta da ƙyalle.

Sunan NINTENDO da aka tona a gindin faifan wani makulli ne: wasu haruffan sun fi zurfi, kuma akwai ƙusoshin roba a cikin injin da dole su faɗa cikinsu kafin faifai ya zauna. Idan faifai ya ƙi sauka, duba ko wani abu ya toshe ramukan.

Wanda yake son wasannin amma ba ya son tsufan faifai ya riƙa ba shi ciwon kai yana da zaɓi biyu. EverDrive N8 kaset ne mai cin katin memori, ana sa shi a ramin kaset, yana kuma tafiyar da wasannin faifai ba tare da injin ya motsa ba. FDSStick kuma yana tsayawa ne a madadin injin faifan, ainihin 2C33 na cikin na'urar ya yi sauran aikin, don haka murya ta shida tana fitowa daga inda aka yi ta. A Twin sai da wayar haɗi ta musamman, ka tambayi mai sayarwa ya haɗo maka da ita tun a oda ɗaya.